Baƙin Wurno, Rabah da Goronyo: Rabon Aiki Tsakanin Ƙaramar Hukuma, Masarauta da 'Yan Kasuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi garuruwa uku na gabashin Jihar Sakkwato, wato Wurno da Rabah da Goronyo, ta fuskar baƙin da ke zuwa wuraren tarihinsu da yadda ya kamata a karɓe su. Hujjar da ta kafa ita ce, waɗannan garuruwa sun daɗe da baƙinsu, akasari masu ziyara da ɗalibai da manazarta, kuma bukatunsu na farko, irin su ruwa da makewayi da tasha da wurin cin abinci, ayyuka ne da tsarin mulki ya riga ya ɗora wa ƙaramar hukuma. Maƙalar ta kawo shawarar haɗin guiwa da zai fara da 'yan kasuwar gida, a ƙarƙashin yarjejeniyar da masarauta da masu kula da hubbare suka sa wa hannu, tare da fayyace abin da ba za a taɓa sa wa farashi ba. Ta kuma tattauna matsalar tsaro a matsayin sharaɗin da ke gaba da kowane shiri.

Gabatarwa



Duk lokacin da aka ta da maganar yawon buɗe ido a taron masana ko na gwamnati a ƙasar nan, hoton da ke fara zuwa zukata shi ne na Bature da kyamara a wuya, da otal mai hawa, da wani babban kamfani da zai zo daga Legas ko daga ƙasar waje ya zuba jari. Da wannan hoton ake rubuta tsare-tsare, shi ya sa yawancinsu ke ƙarewa a cikin fayil. A ganina, idan aka ɗauko wannan hoton aka ɗora wa gabashin Sakkwato, an yi wa yankin rashin adalci sau biyu: an yi masa alkawarin baƙon da ba zai zo ba a halin da ake ciki, an kuma kau da kai daga baƙon da ya riga ya zo yana zaune a gindin itace yana neman inda zai yi alwala.

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ke nan: wa zai kula da wannan baƙo na biyu, da kuɗin wa, kuma a bisa wace ƙa'ida? Na gina bayanin a kan abubuwa uku: tarihin garuruwan kamar yadda ya tabbata a rubuce, da tanadin dokokin Nijeriya game da ikon ƙananan hukumomi, da abin da ya faru a wasu tsofaffin garuruwan Afirka ta Yamma da suka riga mu shiga wannan harka.

Abin da garuruwan suke da shi

Wurno ce cibiyar wannan magana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, shi ya kafa ta wajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka inda jama'a ke zaune suna noma da karatu, suna kuma tsaron ƙasa. Ya zaɓi tudun da ke kallon fadamar Gulbin Rima, ta fuskar da Gobirawa da abokan ƙawancensu ke kawo hari. Bai tura wakili ya zauna masa ba. Shi da kansa ya koma can, a can ya rasu a 1837, a can kuma hubbarensa yake har yau. Rabah da Gandi da Shinaka duk suna cikin jerin garuruwan da aka tsugunar da 'ya'yan gidan Shehu a cikinsu bisa wannan manufa ta ribaɗi, don haka ƙananan hukumomin uku da muke magana a kansu tsari ɗaya ne ya haife su.

Bayan Bello, Wurno ta ci gaba da zama mazaunin Sarakunan Musulmi da dama. Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, a nan ya yi zamansa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a garin a 1853, ya yi makonni, ya rubuta abin da ya gani na ganuwa da kasuwa da gidaje. A 1885 Joseph Thomson ya iso Wurno a madadin kamfanin Ingilishi da daga baya ya zama kamfanin Neja, zan dawo kan wannan ziyara a gaba. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, a Wurno ya rasu a 1902, watanni kaɗan kafin sojojin Ingila su shiga Sakkwato a watan Maris na 1903. Ma'ana, cikin shekaru kusan saba'in, duk mai neman ganin shugaban daula mafi girma a Afirka ta Yamma a wancan ƙarni, sau da yawa Wurno ce zangonsa na ƙarshe. Garuruwa ƙalilan ne a Nijeriya za su iya faɗin haka game da kansu. Ga kuma Wurno ta yau, garin albasa da tafarnuwa da shinkafa, da noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Lugu, da babbar kasuwar Achida a kan hanyar Sakkwato.

Rabah tana gefen Gulbin Sakkwato. Da sunanta ake kiran Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Bello, wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877. Jikansa shi ne Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. A Rabah aka haife shi, mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, shi ma ya riƙe ƙasar daga 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938. Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, ana tunawa da kisansa na 1966 da laccoci a Kaduna da sauran manyan birane. Ɗalibin da ya saurari laccar, ya zagaya Gidan Arewa a Kaduna ya ga inda Sardauna ya yi mulki, ya cancanci ya ga garin da ya yi ƙuruciya a cikinsa, ya ga gulbin da fadamar da ya bayyana a farkon littafin tarihin rayuwarsa na 1962.

Goronyo kuwa an fi saninta da dam. An kammala gina shi a kan Gulbin Rima a 1984, aka ƙaddamar da shi a 1992, yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Daga gare shi birnin Sakkwato ke samun kaso mai yawa na ruwan sha, manoman rani da masunta kuma suka dogara da shi. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasan dam ɗin.

Akwai wani arziki na Goronyo da ba kasafai ake ambatonsa a tarukan masana ba, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Miliyoyin shekaru da suka wuce, teku ce ta rufe wannan yanki. Duwatsun da ta bari suna ɗauke da sunayen garuruwanmu a littattafan ilimin ƙasa na duniya: akwai shimfiɗar dutse ta Taloka, da ta Dukamaje, da ta Wurno, da ta Dange, da ta Kalambaina inda ake haƙo farar ƙasar siminti. A cikinsu aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa mai kama da kada, wadda ta rayu sama da shekaru miliyan 66 da suka shige. Masana daga Jami'ar Fulorans ta ƙasar Italiya, waɗanda suka yi aiki a yankin a wajejen 1970, suka sa mata suna Goronyosaurus a 1972, don girmama ƙasar da aka same ta. Ɗalibin ilimin ƙasa a Turai ko Amurka yana karanta sunan Goronyo a darasinsa. Yaron firamare a Taloka ya fi kowa haƙƙin ya san wannan labari, ya kuma ga ko da kwaikwayon ƙashin ne a cikin akwatin gilashi a garinsu.

Su wane ne baƙin?

Kafin a yi wa baƙo shimfiɗa sai an san shi. Rukuni na farko, kuma mafi yawa, su ne masu ziyara. Wanda ya taso daga ƙasar Katsina ko Adamawa ko Jamhuriyar Nijar don ya ziyarci Hubbaren Shehu a Sakkwato, galibi yana da burin ya ƙarasa Wurno ya yi wa Bello addu'a. Suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, a motar haya, mata da tsofaffi sun fi yawa a cikinsu, kuma sukan zo ne bayan an kau da amfanin gona, lokacin da hannu ya ɗan yi nauyi. Zuwan mata ziyara da neman ilimi a wannan ƙasa tsohuwar al'ada ce da ta haɗu da tarihin 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara da Nana Asma'u, 'yar'uwar Bello, ta kafa. Waɗannan baƙi ba su da kuɗin otal. Suna da kuɗin fura da tuwo, da na tsaraba, da na sadaka, kuma idan aka haɗa ɗan abin da kowannensu ke kashewa, kuɗi ne da ke shiga aljihun mai shayi da mai ƙosai da direba kai tsaye.

Rukuni na biyu ɗalibai ne da malamansu: 'yan sakandare, da 'yan sashen tarihi da na Larabci da na ilimin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu. Na uku su ne 'ya'yan gidan sarauta da manyan mutane masu zuwa gaisuwa, ko naɗi, ko ta'aziyya. Manazarci daga ƙetare yana zuwa jefi-jefi, kuma wurin da aka gyara domin tsohuwa mai ziyara zai wadatar da shi.

Dole in ambaci cewa malamanmu sun yi saɓani a kan wasu abubuwan da ake yi a wajen kaburbura, kuma saɓanin ya ƙara fitowa fili tun bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978. Ba aikin ƙaramar hukuma ba ne ta raba wannan gardama. Amma akwai abin da kowane ɓangare zai yarda da shi: a samu malami mai ilimi a wurin, wanda zai koya wa baƙo ladubban ziyara, ya ba shi tarihin mai kabarin yadda yake. Wurin da aka bari ba mai jagora, nan ne jahilci da 'yan damfara ke samun gindin zama.

Ikon da ke hannun ƙaramar hukuma

An saba jin shugabannin ƙananan hukumomi suna cewa harkar yawon buɗe ido ta jiha ce ko ta tarayya. Ta wata fuska suna da gaskiya. Ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa aikin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1979. Rajista da sa ido kan otal-otal kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa hurumin jihohi ne. Adana takardu da kayan tarihin daula yana da gidansa a Sakkwato, wato Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.

To amma a buɗe Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, a karanta ayyukan ƙaramar hukuma da idon baƙon da muka bayyana. Kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. Kula da maƙabartu. Gyaran titunan cikin gari da magudanun ruwa da fitilun hanya. Kwashe shara. Sa wa tituna suna. Sa ido kan shaguna da gidajen abinci da allunan talla. Ba da lasisin kwale-kwale da amalanke da baro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai ziyara ba ya cin karo da shi daga saukarsa mota zuwa komawarsa. Ashe ke nan mafi yawan abin da ake kira kula da baƙi yana cikin aikin da doka ta riga ta ba kansila da ciyaman, ba sai an nemi sabuwar doka ko sabuwar hukuma ba.

Uzuri na biyu shi ne kuɗi. Shekaru da dama kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin guiwa da jiha, abin da ya rage musu ikon tsara aikinsu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma ya buɗe ƙofar da ta daɗe a rufe. Ko da kason ya iso cikakke, albashin ma'aikata da malaman firamare da asibitocin karkara za su lashe mafi yawansa. Daga nan bukatar ɗan kasuwa ta taso.

Wane ɗan kasuwa, kuma a kan me?

Ɗan kasuwar da ya fi dacewa a fara da shi yana nan cikin gari. Dillalin albasa na Wurno da ke loda tirela zuwa Kudu, da mai shanu a Achida, da reshen ƙungiyar direbobi da ke riƙe da tasha, da matan da ke dafa abincin sayarwa a gida, da masunta da masu jirgin fito na Goronyo. Suna da jari daidai gwargwado, sun san lokacin da baƙi ke yawa, kuma idan suka ci amana akwai wanda zai kira su ya yi musu faɗa, domin 'ya'yan gari ne. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Wurno. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa cikin wajiban shugaba ya ƙarfafa masu sana'a da 'yan kasuwa, ya kula da kasuwanni da hanyoyi. Ribaɗin da ya gina ma da manoma da masu sana'ar hannu ya raya shi, ba da mayaƙa kaɗai ba.

Tsarin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ƙaramar hukuma ta ba da fili da izini, ta ja ruwa, ta gyara hanyar da ta tashi daga tasha zuwa hubbare. Ɗan kasuwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa su gina makewayi da wurin wanka da alwala, da rumfunan abinci da na tsaraba, da masauki mai sauƙin kuɗi wanda ya ware ɓangaren mata, su gudanar da su na wasu shekaru da aka ƙayyade, suna biyan hukuma kason da aka rubuta, sa'an nan ginin ya koma hannun gari ko a sabunta yarjejeniya. A ɗauki masaukin mata da muhimmanci. Ayarin tsofaffin mata da suka kwana biyu a hanya, idan suka samu ɗaki mai tsabta da ƙofa mai kulle da mace mai kula da su, za su kwana a Wurno maimakon su juya a ranar, kuma kwanan nan shi ne bambancin garin da ake ratsawa da garin da ake ci a cikinsa.

Manyan kamfanoni suna da gurbinsu, amma a ayyukan da ba a tsammanin riba daga gare su. Kamfanin siminti da ke aiki a Kalambaina tun shekarun 1960, da bankuna, da kamfanonin waya, su ne suka dace da ɗaukar nauyin ƙaramin ɗakin tarihi a Rabah, ko ɗakin nuna duwatsu da ƙasusuwan da a Goronyo tare da sashen ilimin ƙasa na jami'a, ko buga ɗan littafin jagora da Hausar boko da ajami da Larabci da Faransanci domin baƙin Nijar. Gidauniyar Tunawa da Sa Ahmadu Bello da ke Kaduna abokiyar aiki ce ta fili a kan duk abin da ya shafi Rabah. A ambaci sunan mai taimako a allo ɗaya a bakin ƙofa, ya wadatar. Bangon hubbare ba wurin talla ba ne.

Wannan ya kawo ni ga iyakar da nake ganin ba a tsallake ta. Kada a sa kuɗin shiga hubbare, kada a ba kowane ɗan kasuwa kwangilar ƙofarsa. Ranar da aka tsayar da talaka a bakin kabarin Muhammadu Bello aka ce sai ya yanki tikiti, ranar aka raba wurin da mutanen da suka riƙe shi kusan shekaru ɗari biyu. Kuɗin shiga na hukuma ya fito daga kewaye: tasha, da rumfa, da masauki, da wurin ajiye mota. Daga cikinsa a ware wani kaso sananne domin gyaran hubbare da alawus na masu hidimarsa. Sadakar da baƙo ya miƙa da hannunsa kuwa tsakaninsa da wanda ya ba ne, hukuma ba ta da hannu a ciki.

Wa zai sa hannu, wa zai ga takarda?

Haɗin guiwar mutum biyu, hukuma da ɗan kasuwa, ba zai yi aiki a nan ba, domin akwai na uku wanda ya riga su duka. Hubbare da gidajen sarauta suna ƙarƙashin kulawar Majalisar Sarkin Musulmi, ta hannun iyayen ƙasa irin su Sarkin Sudan na Wurno da Sarkin Rabah, da gidajen da suka gaji hidimar wurin. Ciyaman yana da wa'adi na 'yan shekaru, ɗan kasuwa yana iya karyewa ko ya canja sana'a, waɗannan gidaje kuwa suna nan. Abin da ya faru a Jenne ta ƙasar Mali a 2006 ya isa darasi. Mutanen gari suka hangi ma'aikatan wata gidauniya ta ƙasa da ƙasa a kan rufin babban masallacinsu na ƙasa suna dube-dube, ba tare da an yi musu cikakken bayani ba, sai tarzoma ta tashi, alhali gyara aka zo yi. A Tumbuktu kuwa, bayan masu tayar da ƙayar baya sun rushe hubbarorin waliyyai a 2012, maginan garin ne, waɗanda suka gaji sana'ar, suka sake gina su a 2015 da tallafin UNESCO, shi ya sa jama'a suka karɓi aikin. Idan za a taɓa ginin ƙasa a Wurno ko Rabah, a fara kiran maginan gargajiya, masu sanin tubali da azara da makuba, kafin a kira mai bulo da fenti. Gyaran da ya mai da tsohon gini sabo fil ya hallaka abin da aka zo gani.

Wurno tana da nata darasin game da takarda. Yarjejeniyar da Thomson ya ƙulla da Sarkin Musulmi Umaru a 1885, fadar ta ɗauke ta a matsayin izinin ciniki da aka ba baƙo. Kamfanin kuwa ya kai ta Turai a matsayin shaidar cewa an sallama masa iko, Ingila ta riƙe ta hujja a gaban Faransa da Jamus wajen rabon ƙasa. Nisan da ke tsakanin abin da aka fahimta a zaure da abin da aka rubuta a takarda ya yi wa daula tsada. Saboda haka duk yarjejeniyar da za a ƙulla yau a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a gaban uban ƙasa da limamai da wakilan 'yan kasuwa da na mata, a manna kwafinta a sakatariya da tasha. A bayyana shekarun haya, da kason kowa, da farashin makewayi da na ɗaki, da wanda za a kai wa ƙara. A kuma ajiye littafin baƙi a hubbare da tasha, a riƙa rubuta yawan ayari da garin da suka fito. Mai zuba jari zai fara tambayar mutum nawa ke zuwa, a wane wata, kuma wannan littafi ne zai ba shi amsa. Ɗaliban jami'a za su iya tattara alƙaluman a matsayin aikin bincikensu.

Tun da garuruwan maƙwabtan juna ne, ya kamata ƙananan hukumomin uku su kafa kwamiti guda, su daidaita kuɗin tasha da alamun hanya da horar da 'yan jagora, maimakon kowace ta kafa shingen karɓar haraji a kan baƙo ɗaya. A Goronyo dole Hukumar Raya Koguna ta zauna a teburin, domin dam nata ne.

Tsaro

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ana maganar rai wa ke ta baƙi? Yana da hujja. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama, garin Gandi ya cika da 'yan gudun hijira. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, aka kashe sama da mutum 40. Waɗannan mutane iyayen wasu ne da 'ya'yan wasu, kuma babu wani shiri na baƙi da ya halatta ya yi kamar ba a yi ba. Agadas ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma rashin tsaro a Sahara ya hana ta cin moriyar sunan yadda ya kamata. Suna ba ya kawo baƙo inda hanya ba ta da aminci.

Abin da wannan ke nufi ga tsarinmu shi ne a bi shi daki-daki, kuma a faɗa wa baƙo gaskiya. A fara da garin Wurno da garin Rabah, waɗanda suka fi kusa da Sakkwato, ana iya zuwa a dawo da rana. Kwamitin ya riƙa samun bayanin hanya daga jami'an tsaro da iyayen ƙasa da direbobi, ya sanar da shugabannin ayari tun suna Hubbaren Shehu, idan ranar ba ta tafiya ba ce a ce musu kada su tafi. Ɗan kasuwar da ya ɓoye labarin hanya don kada ɗakunansa su kwana ba kowa, a soke yarjejeniyarsa. Kai ɗalibai bakin dam ko wuraren duwatsu na Taloka ya jira sai hukumomin tsaro sun tabbatar da hanyar.

Jiran ba ya nufin naɗe hannu. Rijiyar burtsatse da makewayi da rumfa da aka gina domin baƙo, ɗan gari da ɗan gudun hijira ne za su fara amfana da su tun yau. Ɗaukar bayanan dattawan da suka san tarihin unguwanni da ƙofofi da kufan ganuwa aiki ne na gaggawa, domin tsofaffin suna tafiya, wasu kuma rikici ya raba su da garuruwansu. A Goronyo, inda jama'a da yawa suka koma bin ruwa zuwa kasuwa, aka kuma yi ta samun kifewar jirage da asarar rayuka, lasisin kwale-kwale da tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ya zama na gaske: a ƙayyade yawan fasinja da kaya, a tilasta sa rigar kariya, a haɗa kai da Sarkin Ruwa da masu jirage wajen sayen rigunan da ba da hayarsu a kan kuɗi kaɗan, a sa ma'aikaci a kowace mashiga ranar kasuwa.